Daga Munich zuwa Venice kai kaɗai: jagorar ratsa tsaunukan Alps da tsofaffin birane a jirgin ƙasa

A tsakiyar birnin Innsbruck na ƙasar Ostiriya mutum na iya zama da riga mai gajeren hannu yana shan shayi, ya tashi ya shiga motar igiya, wato akwatin fasinja da igiyar ƙarfe ke ja zuwa saman dutse, kafin awa ɗaya ta cika ya tsinci kansa a tashar Hafelekar, mita 2,256 sama da teku. Iska na kaɗa shi, ragowar ƙanƙara na kwance a lungunan duwatsu ko da a watan Yuni. Kusancin birni da tsauni shi ne daɗin wannan tafiya, kuma daga nan haɗarinta yake fitowa, domin sauƙin hawa yana sa baƙo ya ɗauka cewa saman ma wasa ne. Wanda ke tafe cikin ayari yana da mai ce masa "hadari ya haɗu, mu koma". Wanda ke shi kaɗai ba shi da kowa, don haka dole ya yanke duk shawarwarinsa tun yana ƙasa, hankalinsa a kwance.

Hanyar da zan shimfiɗa ta kwana 15 ce, ta ratsa ƙasashe uku: Munich a Jamus kwana 2, Salzburg kwana 2 da Innsbruck kwana 4 a Ostiriya, sai a tsallaka mashigin Brenner zuwa Italiya, Bolzano da duwatsun Dolomites kwana 4, Verona kwana 1, Venice kwana 2. Na zaɓe ta ne saboda layin dogo ya haɗa garuruwan duka, ba ka bukatar hayar mota, kuma wahalar hawan tana ƙaruwa ne a hankali.

Mataki na 1: Tsayar da lokaci, sannan biza

Ka tafi tsakanin ƙarshen Yuni da tsakiyar Satumba. Kafin nan ƙanƙara ba ta gama narkewa a manyan hanyoyin ƙafa ba, bayan nan kuma masaukan tsauni suna fara rufewa. In da hali ka zaɓi makonni biyun farko na Satumba: 'yan makaranta sun fara komawa, cunkoso ya ragu, hadarin yamma ma yana yin sauƙi. Watan Agusta ya fi kowane tsada, ga bikin kaɗe-kaɗen Salzburg da ke cika otal-otal daga ƙarshen Yuli, ga hutun Italiyawa na 15 ga wata.

Ƙasashen uku duk suna cikin yankin Schengen, biza ɗaya ta ishe ka, wadda ke ba da damar zaman da bai wuce kwana 90 ba a cikin kowane kwana 180. Inda mutane ke yin tuntuɓe shi ne ofishin jakadancin da za a nema. Ƙa'idar ita ce ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, ko da ba ta nan za ka fara sauka ba. A wannan tsari Italiya ke da kwana 7, Ostiriya 6, Jamus 2, saboda haka Italiya za ka nufa. In ka sauya lissafin kwanakin, ka sake dubawa.

Kuɗin biza na babban mutum yuro 90 ne tun Yunin 2024, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu a madadin ofishin jakadancin. Ana iya miƙa takardu tun saura wata 6 a tafi, kuma shawarata ka miƙa da wuri ƙwarai, domin samun ranar ganawa kaɗai na iya cin makonni. Fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka fito, da shafi biyu da ba a buga komai ba. Inshorar lafiya ta tafiya dole ta kai yuro 30,000. Sai bayanan asusun banki, takardar wurin aiki ko rajistar kasuwanci, da shaidar masauki na kowane dare.

Mai tafiya shi kaɗai don yawon buɗe ido yana shan tambaya fiye da mai zuwa taro, don haka ka rubuta jadawalin tafiyarka a shafi ɗaya, rana bi rana: gari, masauki, jirgin da za ka hau. Kada ka yarda wani dillali ya cusa maka takardar otal ta bogi ko ya kumbura maka asusu da kuɗin aro ana gobe za a buga bayanan banki. In aka gano, ƙin da za a yi maka yana shiga rumbun bayanan da duk ƙasashen Schengen ke gani.

Tikitin jirgin sama kuwa, ka nemi wanda zai sauke ka a Munich ya ɗauke ka daga Venice. Kamfanonin da ke bi ta Istanbul suna zuwa duka biyun, kuma hakan ya hutar da kai komawa baya.

Mataki na 2: Jiki da kaya

Wata biyu kafin tafiya ka fara tattaki da jakar goyo mai nauyin kilo 6 zuwa 8. Tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ta wadatar ba, sai ka haɗa da hawa da sauka: matakalar bene, ko dutsen da ke kusa da kai, Dala ne ko Kufena ko duwatsun Jos. Ka fi mai da hankali ga saukowa, domin ita ce ke cin gwiwa.

Takalmi ne kan gaba a kayan. Ka sayi na hawan dutse mai riƙe idon sawu, mai kaushin tafi, ka ƙara rabin lamba a kan wadda ka saba, ka kuma yi ta sa shi tun a gida har ya saba da ƙafarka. Sabon takalmi a ranar farko bororo yake haifarwa, kuma bororo ɗaya ya isa ya ɓata mako guda.

Sutura hawa uku ake yi: ta ciki mai saurin bushewa, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje mai tare ruwa da iska. Ka bar auduga don yawon cikin gari, domin in ta jiƙe da gumi ba ta bushewa, kana tsayawa hutu a sama sanyi zai shige ka. Zafin iska na raguwa da kusan digiri 6 a kowane mita 1,000 da ka hau, ban da abin da iska ke ƙarawa. Ka ɗauki hular sanyi, safar hannu mara nauyi, tabarau na rana, man kare fata daga rana (baƙar fata ma tana ƙonewa a can sama), tocilan goshi, usur, filasta, batirin cajin waya, da gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi. Wanda ya taso daga Najeriya ko Gana yana bukatar mahaɗin soket mai ƙafa biyu zagayayyu.

Kada ka sa kilishi, dambun nama ko man shanu a jaka. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, za a ƙwace, ana iya cin ka tara. Dabino an yarda da shi, kuma babu guzurin da ya fi shi amfani a kan dutse.

Inshorar da ka saya don biza sau da yawa ba ta biyan kuɗin ceto a tsauni, kuma in jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko ka, dubban yuro ne. Ka karanta sharuɗɗanta da kyau. In babu, ka shiga ƙungiyar masu hawan tsaunuka ta Ostiriya, Alpenverein, wadda aka kafa a 1862. Tana karɓar 'yan kowace ƙasa, kuma katin shekara ya haɗa da inshorar ceto da rangwamen kwana a masaukanta.

Mataki na 3: Sanin jirgin ƙasa

Kamfanoni uku za ka fi hulɗa da su: DB a Jamus, ÖBB a Ostiriya, Trenitalia a Italiya. Ka sauke manhajojinsu tun kana gida. Tikiti iri biyu ne. Akwai mai araha da ake saye da wuri, Sparpreis ko Sparschiene, amma ya ɗaure ka da jirgi ɗaya tak, in ya wuce ka ya tafi da kuɗinka. Akwai cikakken farashi mai barin ka hau kowane jirgi a ranar. Zangon wannan hanya gajeru ne, babu wanda ya wuce awa biyu da kaɗan, don haka sayen tikiti ɗai-ɗai yakan fi katin Eurail, wanda ake biya sau ɗaya a yi ta hawa jirage da shi, araha. Ka yi lissafi kafin ka saya.

A allon tasha sunayen garuruwa da harshen ƙasar suke: München, Bozen ko Bolzano, Venezia. Lambar dandamali tana gaban kalmar Gleis a Jamus da Ostiriya, binario a Italiya. In ka sayi tikitin takarda na jirgin yanki a Italiya, ka tura shi cikin ƙaramin injin da ke bakin dandamali ya buga masa lokaci kafin ka hau, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci ka tara, kuma rashin sani ba ya zama hujja a wurinsa.

Fasfonka ya kasance a jikinka duk ranar da za ka tsallaka iyaka. 'Yan sanda na hawa jirage tsakanin Jamus da Ostiriya da kuma a Brenner, kuma gaskiyar magana ita ce baƙar fata ya fi saurin jan idonsu. Abin na da ciwo, amma ka miƙa fasfo cikin natsuwa, ka nuna shaidar masaukinka in an tambaya. Jirgin Salzburg zuwa Innsbruck ma yana ratsawa ta wani yanki na Jamus.

Mataki na 4: Munich da Salzburg, kwanakin sabo

Daga filin jirgin Munich, layin S1 ko S8 zai kai ka tsakiyar gari cikin kamar minti 45. Kwana biyun nan na hutawa ne da cike giɓin kaya. Ka ga dandalin Marienplatz da cocin Frauenkirche mai hasumiya biyu, ka sayi layin waya, ka gwada takalminka a doguwar tafiya cikin lambun Englischer Garten. Titunan kudu da babbar tasha, irin su Goethestraße da Landwehrstraße, cike suke da shagunan Turkawa da Larabawa, a nan za ka ci naman halal ka ƙoshi kafin ka shiga inda yake wuya.

Tikitin Bayern-Ticket na yini guda yana aiki a jiragen yanki har Salzburg, daga ƙarfe 9 na safe a ranakun aiki. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba.

Salzburg gari ne da gishiri ya gina. Manyan limaman coci ne suka mulke shi ɗaruruwan shekaru, da arzikin gishirin da ake haƙowa a Hallein ana sauke shi ta kogin Salzach. Ganuwar Hohensalzburg da ke kan tudu an fara gina ta a 1077. Akwai ƙaramin jirgi mai hawa da mutane, amma ka hau da ƙafa, gwajin farko ke nan ga numfashinka. Gidan da aka haifi mawaƙi Mozart a 1756 yana lamba 9 a titin Getreidegasse, titin da kowane shago ke da alamarsa ta ƙarfe a rataye. Ka shiga da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso.

Za a yi ta ba ka shawarar zuwa Hallstatt. Ƙauyen na da kyau, amma mazaunansa ba su kai dubu ba, baƙi kuwa dubbai ne kullum, kuma zuwa da dawowa zai cinye maka yini. Ni dai da za a bi tawa, ka ba dutsen Untersberg wannan yinin: bas daga gari, motar igiya zuwa sama, ɗan tattaki kaɗan, ka fara jin yadda iskar sama take.

Mataki na 5: Innsbruck, inda ake koyon dutse

Garin yana kwance a kwarin kogin Inn, mita 574 sama da teku, tsaunuka sun sa shi tsakiya. Ya karɓi gasar Olamfik ta lokacin sanyi a 1964 da 1976. Yinin farko ka zaga tsohon gari, ka ga Goldenes Dachl, rumfar bene da aka kammala wa Sarki Maximilian na Ɗaya a 1500, an rufe ta da fale-falen jan ƙarfe 2,657 masu ruwan zinare. Da yamma ka hau ƙaramin jirgin da ke hawa zuwa unguwar Hungerburg a kan tudu, wanda Zaha Hadid, 'yar asalin Iraƙi, ta zana tashoshinsa.

Kafin ka taka kowace hanyar dutse, ka koyi karanta allunan. Rawaya ne, kuma awanni suke rubutawa maimakon kilomita. A jihar Tirol jan ɗigo na nufin matsakaiciyar hanya, mai ƙunci da gangare a wasu wurare. Baƙin ɗigo na ƙwararru ne, ba naka ba ne a wannan zuwan. A kan duwatsu da itatuwa za ka riƙa ganin fenti ja da fari. In ka yi minti goma ba ka ga fenti ba, ka tsaya, ka koma inda ka ga na ƙarshe. Kada ka yanke hanya don ka hango gari a ƙasa, domin abin da ido ke gani kusa sau da yawa akwai rami tsakani. Lissafin da ake yi shi ne mita 300 na hawa a awa ɗaya, ko kilomita 4 a miƙe. Sabon shiga ya ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan abin da allo ya ce.

Tattakin farko ya zama Zirbenweg. Ka hau motar igiya ta Patscherkofel, ka bi hanyar kilomita 7 da ke tafiya kusan a miƙe a wajen mita 2,000, cikin tsofaffin itatuwa masu ƙamshi, kwarin Inn na shimfiɗe a hagunka. Awa biyu da rabi zuwa uku za ka isa Tulfeinalm, ka sauka zuwa ƙauyen Tulfes, bas ya mai da kai gari. Akwai mutane a hanyar koyaushe, abin da mai tafiya shi kaɗai yake so ke nan.

In wannan ta yi maka daɗi, jiri bai ɗebe ka ba, sai Goetheweg: daga tashar Hafelekar zuwa masaukin Pfeishütte, kamar awa biyu da rabi. Jan ɗigo ce. A wasu wurare faɗinta bai fi taku ɗaya ba, tsakuwa na zamewa ƙarƙashin ƙafa, ga igiyar ƙarfe a jikin dutse don riƙewa. In za ka kalli gari ko ɗaukar hoto, ka tsaya cak tukuna.

Ga ƙa'idojin da ba a sassauta su ga wanda ba shi da abokin tafiya.

Tun da dare ka duba hasashen yanayi na tsauni, wanda ya bambanta da na cikin gari, ka sake dubawa da asuba. A watannin zafi hadari kan taso ne bayan azahar, ko da safiya ta waye tas. Ka fita da wuri, ka sa niyyar barin tudu kafin ƙarfe biyu. In tsawa ta riske ka, ka sauka daga ƙololuwa, ka nisanci igiyoyin ƙarfe da itacen da ke tsaye shi kaɗai, ka tsuguna a kan jakarka ƙafafu a haɗe.

Ka tsayar da lokacin juyawa tun kafin ka fita, ka rubuta shi. In ya cika ba ka isa ba, ka juya, ko da saura kaɗan. Wannan ce ta fi kowace wuya, domin zuciya za ta ce ka kashe kuɗi ka zo daga nesa. Ka kuma san lokacin motar igiya ta ƙarshe, galibi da la'asar sakaliya ne. Wanda ta wuce shi zai sauko mita dubu da ɗoriya da ƙafa, ga gajiya ga duhu.

Mutum biyu su san inda kake: ɗan'uwa a gida, da mai karɓar baƙi a masaukinka. Ka rubuta musu sunan hanya, lokacin fita, da lokacin da za su nemi taimako in ba su ji ka ba. Na masauki ya fi muhimmanci, don shi ya san wanda zai kira. Lambar gaggawa 112 ce a duk Turai, a Ostiriya kuma 140 kai tsaye take ga masu ceton tsauni. In babu sabis, alamar neman agaji ita ce busa usur ko haska tocila sau 6 a minti ɗaya, a huta minti ɗaya, a sake. Amsar masu ceto sau 3 ce a minti. Ka sauke taswira a waya yadda za ta yi aiki ba intanet, ka kuma sa wayar a aljihun ciki domin sanyi na shanye batiri.

Sai shanu. Za ka ratsa makiyaya, ka ji ƙararrawa a wuyansu. Ba kamar garken da ka saba gani ba ne, mai makiyayi da sanda a gefe: waɗannan sake suke ba kowa tare da su, kuma saniya mai ɗan maraƙi tana kai hari. A 2014 shanu sun kashe wata mata a kwarin Pinnis na Tirol. Ka ba su tazara, kada ka taɓa maraƙi, in ka buɗe ƙyauren shinge ka rufe. Da dare kuma ka duba jikinka saboda kaska, domin ta wannan yanki na ɗauke da cutar da ke taɓa ƙwaƙwalwa. Akwai allurar rigakafinta, ka tambayi likita tun da sauran lokaci.

Mataki na 6: Kwana ɗaya a masaukin tsauni

Hütte ake ce musu da Jamusanci, rifugio da Italiyanci, kuma ko dare ɗaya ne ka kwana a ɗaya. Ka kama gado makonni kafin ka zo. Yawanci ɗaki ne na mutane da yawa, maza da mata a haɗe, don haka mace, ko duk wanda hakan bai kwanta masa ba, ya nemi ƙaramin ɗaki tun wajen kamawa. Dole ka zo da siririn zanen kwana mai kamar buhu, su suna ba da bargo. Ana cire takalmi a ƙofa, a sa silifas. Ka riƙe tsabar kuɗi, domin ba ko'ina kati ke aiki ba. Ka rubuta sunanka da inda ka nufa gobe a littafin baƙi, shi masu ceto ke fara dubawa. Ƙarfe 10 na dare ake yin tsit, sharar da ka tara kuma kai za ka sauko da ita.

A nan kaɗaici ke yankewa. Teburin cin abinci dogo ne, kowa na zama inda ya samu, kuma tambayar farko ita ce daga ina ka taso yau, ina za ka gobe. Ka tambayi mai kula da masaukin halin hanya. In ya ce kada ka bi, kada ka bi.

Mataki na 7: Tsallaka Brenner zuwa Bolzano

Jirgin Innsbruck zuwa Bolzano awa biyu ne, ta mashigin Brenner mai tsayin mita 1,370, a kan layin da aka buɗe a 1867. Ka zauna kusa da taga. Yankin da za ka sauka, Tirol ta Kudu, na Ostiriya ne har ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya, yarjejeniyar 1919 ta ba Italiya shi. Shi ya sa yawancin mutanen lardin Jamusanci suke yi, kowane gari kuma na da suna biyu. Ka riƙe duka biyun don kada bas ya ruɗa ka. Masaukai da yawa na ba baƙonsu katin hawa bas da jirgin yanki kyauta, ka tambaya.

Ka fara da gidan tarihin da aka ajiye Ötzi, mutumin da aka tsinci gawarsa cikin ƙanƙara a Satumban 1991, a wajen mita 3,200, bayan ya shekara kusan 5,300 a wurin. Ta wata 'yar taga ake leƙa shi, a ɗakin da aka riƙe sanyinsa a digiri 6 ƙasa da sifili. Kayansa sun fi gawar ɗaukar hankali: gatarin jan ƙarfe, hular fatar dabba, takalmi cushe da ciyawa don ɗumi, kayan ƙyasta wuta. A 2001 hoton asibiti ya nuna kan kibiya a kafaɗarsa ta hagu. Ka sayi tikiti ta intanet don layin na da tsawo.

Dolomites, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2009, farare ne masu tsini, suna yin ja in rana za ta faɗi. Daga Bolzano ka hau bas zuwa Siusi, motar igiya ta ɗaga ka zuwa Compatsch a kan makiyayar Alpe di Siusi, fili mai faɗi da hanyoyi masu sauƙi. In ƙafarka ta yi ƙwari, daga nan ake hawa dutsen Sciliar zuwa masaukin Rifugio Bolzano a wajen mita 2,450, awa uku zuwa huɗu. Wata rana kuma ka je garin Ortisei ka hau dutsen Seceda. Duk inda daskararriyar ƙanƙara take, ka bar shi sai da ɗan jagora mai lasisi. A Yulin 2022 wani ɓangaren ƙanƙarar dutsen Marmolada ya ɓalle cikin tsananin zafi, mutum 11 suka rasu.

Mataki na 8: Ci da salla

Naman alade ya ratsa girkin wannan yanki, har inda ba ka zato. Ka haddace kalmomin nan: Schwein, Speck, Schinken da Schmalz a Jamusanci, maiale, prosciutto, pancetta da strutto a Italiyanci. Schnitzel (soyayyen yankan nama) mai araha galibi alade ne. Miya ma ka tambayi da romon me aka yi ta. Abin da zai fisshe ka a masaukan tsauni shi ne Käsespätzle, taliya da cuku da soyayyiyar albasa (ka ce kada a sa Speck), da Spinatknödel, curin burodi da alayyafo. Kaiserschmarrn, wani irin fanke mai zaƙi, na da daɗi, amma wasu na jiƙa zabibinsa a barasa, ka tambaya. Radler rabinsa giya ne ko da ya yi kama da lemo. Ka nemi Apfelschorle, ruwan tuffa da soda. Shaguna a Jamus da Ostiriya na rufe ran Lahadi in ban da na manyan tashoshi, don haka ka yi cefane ran Asabar.

Alƙibla kudu maso gabas take. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, alfijir kuma na ketowa da wuri ƙwarai, sai ka tsara barcinka, ka kuma nemi bayanin malaminka kan ƙasaru da haɗa salloli kafin ka taso. Masallatai a waɗannan garuruwa yawanci a cikin gine-gine suke ba hasumiya, taswirar waya za ta nuna maka. 'Yar'uwa mai tafiya ta sani cewa hijabi ba laifi ba ne, amma Ostiriya ta hana rufe fuska a bainar jama'a tun Oktoban 2017, kuma akwai tara.

Mataki na 9: Verona, Venice, da fita

Daga Bolzano layin na bin kogin Adige zuwa Verona cikin ƙasa da awa biyu. Dare ɗaya ya isa: filin wasan Rumawa na ƙarni na ɗaya, wanda har yau ake taro a cikinsa, da gadar Castelvecchio da yamma. A gidan abinci za ka ga coperto a takardar kuɗi, kuɗin zama ne, ba cuta ba ce.

A Venice ka tabbata tikitinka na tashar Santa Lucia ne, domin Mestre tana kan tudu kafin a haye ruwa. Babu mota a garin, gadoji sun haura 400, kusan duk masu matakala, a nan za ka gode wa jakar goyo. Tikitin jirgin ruwa na hawa ɗaya yana da tsada, in za ka hau fiye da sau biyu ka sayi na yini. Tun 2024 ana karɓar kuɗin shiga daga masu zuwa su koma a wasu ranaku. Mai kwana a garin ba ya biya, amma ka tambayi masaukinka yadda ake samun shaidar hakan. Bayan dandalin San Marco, ka nemi Fondaco dei Turchi a bakin babbar mashigar ruwa, inda fataken Daular Usmaniyya suka zauna suna kasuwanci daga 1621. A wannan gari ne kuma aka fara buga Alƙur'ani da injin ɗab'i cikin haruffan Larabci, wajen 1538. Ka kula da aljihunka a gadar Rialto da cikin jiragen ruwa, fasfo da kati su kasance a jakar ciki.

Filin jirgin Marco Polo yana kan tudu. Bas daga Piazzale Roma na kai wa cikin kamar rabin awa, jirgin ruwa kuma ya fi awa ɗaya, don haka in tashin safe ne ka bi bas. Ka duba kwanakin da aka rubuta a bizarka tun ranar da ka karɓe ta, duka ranar ƙarewa da adadin kwanakin zama, ka sa ranar fitarka ta kasance da saura kwana ɗaya ko biyu saboda jinkirin jirgi. Ka adana tikitocinka da rasiɗan masauki, za su yi maka amfani ranar da za ka sake neman biza.